Ƙaro a Ruwan Rini

A gidan da na tashi ba a kiran sunan ɗan fari, ba a kuma yabonsa. Mahaifina bai taɓa ambatar sunan yayana ba har ya koma ga Ubangiji. In yana nemansa sai ya ce a kira masa wancan, in kuwa an kawo masa labarin ya yi abin kirki sai ya kawar da kai ya tambaya ko an ba akuya ruwa. Mishan sun koya mana karatu da lissafi da ɗaura taye, sun raba mu da abubuwa da dama, amma wannan kunyar ba su iya taɓa ta ba. Da ita na yi aure, da ita na haifi 'yata ta fari, da ita kuma na sauka a Dubai ina tsoho bayan rasuwar uwarta, na zauna a ƙarƙashin bizarta a wani ɗan gida na bene a unguwar Karama. Yarinyar nan nake ce mata, alhali furfura ta fara leƙo mata a goshi.

Aikina rini ne. Ba na marina ba, ko da yake ina girmama masu tsoma hannu a baba. Na masaƙa nake nufi, a Kaduna, a zamanin da hayaƙinta bai yanke ba. Na shiga ina mai gwada launi, na fita ina shugaban sashen rini, kuma ban san macen da ta taɓa dawo da zanen da ya bi ta hannuna ta ce ya zuba ba. Dalili kuwa shi ne muna bin doka. In an gama rina yadi, akwai sinadarai biyu da ake bin sa da su. Na farko yana wanke rarar rinin da bai kama ba, na biyu yana ɗaure wanda ya kama ya zauna a zare. Ruwan kowanne daban. A wanke, a zubar, a ɗauraye, sannan a ɗaure. In suka haɗu a ruwa guda sai su cure kamar madarar da ta tsinke, su bar wa yadi tabon da babu sabulun da zai fitar. Wannan ne abin da nake fara koya wa duk wanda aka turo sashena, tun kafin in nuna masa inda zai rataye rigarsa.

Yarinyar nan ta karanta ilimin sinadarai, ta zarce inda na tsaya, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai haɗa sinadaran rini domin masu ɗinka kayan ma'aikatan otal da asibiti. A ƙasar da ruwan famfo daga teku ake tace shi, zubar da ruwa sau biyu ba ƙaramin abu ba ne. Sai ta sa kanta neman yadda za a zaunar da sinadaran nan biyu a ruwa guda, ta kuwa samu. Abin da ta sa a tsakaninsu ƙaro ne, ƙaron nan na gida da muke ɓantara a jikin dakwara muna yara. Ta taɓa faɗa mini muna cin abinci. Na ce, "To," na miƙa mata kwano ta ƙara mini miya.

Kamfanin ya nemi a yi wa abin rajista a wata ƙasa ta Turai inda masu sayen irin wannan kaya suke, domin a ba shi takardar da ke hana wani kwaikwayon ƙirƙirar sai da izini. Mai tantancewa na ofishin can ya ƙi. Hujjarsa ita ce abin a fili yake: sinadaran biyu sanannu ne, ƙaro kuma an daɗe ana sa shi a tawada da fenti don hana su curewa, saboda haka duk wanda ya san aikinsa zai kai ga wannan haɗi ba tare da wata basira ba. Suka ɗaukaka ƙara. Mai kamfanin bai ɓoye mata ba, in ƙarar ta faɗi zai rufe ɗakin gwaji ya koma dillancin kayan wasu. In babu ɗakin gwaji babu aikinta, in babu aiki babu biza, tawa kuma a jikin tata take rataye. Ni komawa gida ba ta ba ni tsoro, akwai wurin da aka bar mini a gefen uwarta. Ita nake ji wa. Masaƙun da za su ɗauki mai irin iliminta a gida duk ciyawa ta cinye su.

Ita ce ta ce mini lauyar kamfanin na son ganina. Na sa kwat ɗina na zuwa majami'a, muka tafi unguwar Port Saeed, nan cikin Dubai. Ofishin yana can sama, tagarsa na kallon bakin ruwa inda ake loda wa jiragen katako firji da taya da buhunan shinkafa. Lauyar 'yar Lebanon ce, ta yi aiki a can ƙasar da ake shari'ar, mai saurin magana, tabarau a saman gashinta. Da Turanci muka yi. Ta sa aka kawo mini shayi, ta ce ta ji na daɗe a rini, sannan ta tambaye ni yadda nake ganin abin da 'yata ta ƙirƙira.

Yarinyar na zaune a gefena. Baƙuwa ta tambayi uba game da 'yarsa ta fari a gaban idonta. Amsa ɗaya na sani, na kuma ba da ita cikin Turancin da aka yi mini bulala a kansa har ya miƙe.

"Ba wani abu ba ne, uwargida. Ƙaro ne kawai. Duk marinin da ya san aikinsa, in ya zauna, zai iya."

Lauyar ta sauke tabarau daga kanta ta ajiye a kan tebur.

"Yallaɓai, ka karanta hujjar mai tantancewa ne?"

Na ce ban karanta ba.

"To ka faɗe ta kusan yadda ya rubuta. In ka maimaita wannan a gaban kwamitin ɗaukaka ƙara, kalas, an gama, sai mu tattara takardunmu."

Yarinyar ta ce mata, ba tare da ta dube ni ba, "Ba haka yake nufi ba. Al'adarmu ce. Ba ya yabona, ba a yi."

"Kwamitin bai san al'adarku ba," in ji lauyar. "Abin da aka faɗa suke rubutawa."

Daga nan ta yi mini bayani, kuma zan ba ta haƙƙinta, ta iya koyarwa. Ta ce kwamitin ba ya tambayar ko abu na da amfani, ba ya ma tsayawa a kan ko sabo ne. Wani mutum suke ƙaddarawa a zuciyarsu, wanda ya karanta duk abin da aka rubuta a kan rini har zuwa ranar da aka nemi rajista, ya san kowane inji da kowace kwalba, amma ba shi da ko ƙwayar basirar ƙirƙira, inda aka nuna masa hanya nan yake bi. Sai su ajiye a gabansa tsohuwar hanyar da ta fi kusa da sabuwar, su ajiye masa matsalar da ake so a warware, su tambaya. Ba ko zai iya ba ce tambayar, domin hannu na iya zuba komai a cikin komai. Ko zai yi ita ce, yana kuma da kyakkyawan zaton abin zai yi. Ta ce babban abin da suke tsare kansu daga gare shi shi ne duban abu bayan an riga an ga amsarsa, domin in an nuna wa mutum mashigi kowa gwanin ƙetare kogi ne. Abu biyu ke taimakon mai ƙara. Ɗaya, sakamakon ya zarce abin da ake zato, kuma a kan wannan kamfanin na da gwaje-gwajen da suka nuna shi. Ɗayan, koyarwar masu sana'ar ta kasance tana korar mutum daga wannan hanya. A nan ƙarar tasu take da rauni, domin littattafai a rabin layi suka ambaci dokar nan tamu ta raba ruwa, abin da kowa ya sani ba a ɓata masa tawada. Tana son wanda ya rayu da dokar ya faɗe ta da bakinsa. Ta ƙara da cewa sai ta roƙi izini kafin a bar ni in yi magana, kuma da yake ni uba ne za su auna maganata da ƙaramin mudu.

Na ce, "Wannan mutum naku da ya san komai bai ƙirƙiri komai ba, a ina ake samunsa?"

"Ba a samunsa, yallaɓai, ƙaddara shi ake yi. Amma ban taɓa ganin wanda ya kusance shi kamarka ba."

A matsayin yabo ta faɗa. Na ajiye shayin ban ƙarasa ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Abu biyu ake nema a wurina, kowanne ya fi ɗan'uwansa ɗaci: in tsaya a gaban baƙi in ce ni, da duk shekaruna a sashen rini, ba zan kai ga wannan ba, sannan in ce 'yata ta kai. Na farkon girman kaina kawai zai taɓa, shi kuwa ya saba shan duka tun da na fara karɓar kuɗin mota a hannun ɗiyata. Na biyun ne ya hana ni sukuni. An yi mini baftisma ina yaro, na yi dattijon ikilisiya, na san baki ba ya kashe kowa sai da yardar Ubangiji. Duk da haka, bayan yarinyar nan mun binne ƙannenta biyu, waɗanda muka kira da sunansu muka yi musu wasa a gaban mutane. Ita da ba mu taɓa yaba ba ita ta rayu. Ban ce wannan hujja ba ce. Na dai ce zuciyar tsoho ba ta karanta ilimin sinadarai ba.

Akwai wani abokina ɗan zangon Kumasi, direban motar ma'aikatan otal, yana kwana a Muhaisnah. Ranar hutunsa yakan zo Karama mu zauna a wani shagon shayi. Fasto yake ce mini saboda kwat, ni kuma ina ce masa Alhaji ko da yake bai je ba tukuna.

"Fasto, shayinka ya huce. Wa ya mutu?"

Na ba shi labari. Ya yi dariya har ya buga tebur, sannan ya ce da Hausarsa ta zango, "Yarinyanka ya ɗauko ka daga Kaduna, ya ba ka ɗaki, ya ba ka abinci, kai kuma kana masa rowan baki."

"Ba rowa ba ce, kunya ce. Ku mutanen zango kun yar da ita a hanya tun kakanninku na fataucin goro."

"Mun yar don yana da nauyi, jaki ya gaji. Kai ka ga abin da idonka?"

Na ce ban gani ba.

"Ba ka gani ba kana cewa kowa zai iya. Yalla, Fasto, je ka gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Da yamma na ce wa yarinyar, in tana da hanya gobe, zan so in ga wurin da take wuni. Ba ta tambaye ni dalili ba.

Ɗakin gwajin bai kai rabin wanda na riƙe a Kaduna ba, amma tsaf yake. Ta ba ni farar riga na sa. Ta fara zuba sinadaran biyu a kwalba guda ba tare da komai ba, nan take suka cure, gudaji na yawo a ruwan. Sai na ji kamar na gamu da tsohon abokin aiki a bakin hanya.

"Baba, in na ƙara ƙaro me zai faru?"

"Zai ƙara lalacewa. Ƙaro halinsa ɗaya da na wankin, na ɗaurin zai cafke shi yadda ya cafke wancan."

"Haka ni ma na zata."

Ta zuba ƙaro yadda ake zuba shi a tawada. Ruwan ya zama kamar kunun da ya kwana. Na gyaɗa kai. Sai ta ɗauko sabuwar kwalba, ta ɗebi ƙaro ɗan kaɗan, abin da bai kai a kira shi awo ba, ta narkar da shi a ruwan ɗumi, ta riƙa ɗiga shi cikin na ɗaurin a hankali tana juyawa, sai da ta gama sannan ta kawo na wankin. Na karɓi kwalbar na ɗaga ta saitin fitila, na tsaya ina jiran ta cure. Na jira har hannuna ya gaji na sauya hannu. Ruwan garau. Ta tsoma shuɗin yadi, ta wanke, ta busar, ta miƙo mini da farin ƙyalle. Na goga da ƙarfin da nake gogawa in ina neman laifin ma'aikaci. Ƙyallen ya fito fari.

Na ce mata ta rufe kwalbar kada ƙura ta shiga.

Ranar sauraron ƙarar ba mu je ko'ina ba, a ofishin lauyar aka yi, ta allon da ke jikin bango. Fuskoki uku suka bayyana, shugabarsu wata dattijuwa mai gajeren gashi. Lauyar ta yi magana mai tsawo, ta nuna gwaje-gwajen. Ɗaya daga cikin ukun, wani mai gemu da alamar shi ne masanin sinadaran cikinsu, ya matsa mata. Ya ce ga rubutu ya nuna ƙaro na hana curewa, ƙaro ba shi da tsada, gwadawa ba ta da wuya. Me zai hana mai sana'a ya gwada? Na ga yarinyar ta damƙe gefen kujera. Lauyar ta roƙa a ba ni dama, suka yi shawara a tsakaninsu, shugabar ta ce an ba ni, amma a kan sana'a kawai.

Na faɗi dokar raba ruwa yadda na saba faɗa wa sababbin ma'aikata, da abin da ke samun yadi in an karya ta. Wannan bai ba ni wuya ba. Sai mai gemun ya duƙo kusa da allo.

"Kai da kanka, da an ba ka wannan matsala, ga ƙaro a hannunka, ba za ka gwada ba?"

Na ji tsohuwar amsar ta taso mini, a shirye. Ba wani abu ba ne. Na haɗiye ta, na sha ruwa.

"Ranka ya daɗe, ƙaro na nan a sitonmu buhu-buhu, da shi muke kaurara ƙullun buga atamfa. Kowace safiya nake wuce shi. Da wani ya ce zai zuba shi a ruwan ɗauri, da na mayar da shi mai shara. Ba zan gwada ba, domin na san ba zai yi ba. Ko da ma an tilasta mini, da yawa zan sa, yadda ake sa shi a tawada, in ga ya cure, in koma wurin zamana da abin da na sani. Ko da yarinyar ta nuna mini, na riƙe kwalbar ina jiran ta lalace."

Shugabar ta ɗago daga rubutunta. "Gafara dai, domin mu rubuta daidai. Wa kake nufi da yarinyar?"

Na dubi allon, ban dubi gefena ba. Na faɗi sunanta cikakke, na sa mata Dakta a gaba kamar yadda ya dace. Sunan ya fito mini baƙo a baki, kamar takalmin da aka daɗe da ajiyewa.

"Ita ta yi," na ce. "Ni ban iya ba."

Shugabar ta gode mini, ta ce kwamitin na sane da cewa ni mahaifinta ne kuma zai auna maganar da wannan. Allon ya yi duhu, sun tafi shawara. Lauyar ta fita amsa waya. Muka rage mu biyu. Na tashi na tsaya a taga ina kallon masu lodi suna ɗaga wata firji da igiya, tana lilo a saman ruwa, na kasa ɗauke ido har sai da ta sauka a jirgin. Ban san ko na faɗi abin da ya isa ba, ban kuma san ko na faɗi abin da ya wuce kima ba.

Da suka dawo, shugabar ta karanta hukunci a tsaye. Ba su ba da duk abin da aka nema ba. Sun ce sa ƙaro a ruwan rini, haka kawai a faɗaɗe, ba abin da za a mallaka wa kowa ba ne. Amma ɗan ƙaramin awon nan, da tsarin da ake bi wajen zuba shi, mai sana'a ba zai nufe su da zaton nasara ba, gwaje-gwajen kuma sun nuna abin da ba a zata ba. A kan wannan suka soke ƙin da aka yi, suka mayar da takardun a ƙarasa rajista. Ba su ambace ni ba. Lauyar ta mayar da tabarau kanta ta ce wannan ne ma abin da ake sayarwa, sauran ado ne. Mai kamfanin ya bugo waya ya ce ɗakin gwaji na nan.

Muka sauko. Zafin rana ya tare mu a bakin ƙofa, warin ruwa da man jirgi na tasowa. Muna jiran tasi, yarinyar ta gyara jakarta a kafaɗa, tana kallon titi.

"Baba, ashe ka san sunana."

"Ni na raɗa miki shi."

Ta yi dariya, ta juya baya ta goge ido da gefen gyale, na yi kamar ina karanta lambar wata mota. Ban sake kiran sunan ba tun ranar, ita ma ba ta nema ba. A cikin tasin ta yi tari sau ɗaya, irin wanda kowa ke yi in ya fito daga zafi ya shiga sanyi. Na dafa kafaɗar direban na ce ya rage sanyin, sannan na zauna ina sauraron numfashinta har muka iso Karama.